Gargaɗi a Kan Asusun Fansho Wanda Mai Shi Ke Juyawa da Kansa a Amurka

Ɗabi'a ce ta ɗan Adam tun fil'azal, idan zamani ya rikice, kasuwa ta shiga hawa da sauka, farashin abinci ya tashi, sai zuciyarsa ta raya masa cewa babu dukiya tabbatacciya sai wadda ido ke gani hannu ke taɓawa, wato fili da gida da zinariya. Mutanen Amurka, duk da yawan bankunansu da ƙwarewarsu a lissafi, ba su kuɓuta daga wannan hali ba. A 2008 kasuwar hannun jarinsu ta zubar da fiye da sulusin darajarta cikin shekara guda, a watan Yuni na 2022 kuma hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin ɗari, abin da suka yi wajen shekara 40 ba su gani ba. Kuma a kowane ɗaya daga waɗannan lokuta sai masu talla su cika rediyo da talabijin, suna kiran ma'aikaci da ya kwashe guzurin tsufansa daga hannun kamfanoni ya riƙa juya shi da kansa. Tun da yake akwai 'yan'uwanmu masu yawa a Bronx da Chicago da Houston waɗanda wannan kira ke isa kunnensu, ya wajaba a yi musu bayanin mas'alar filla-filla.

Asalin al'amarin shi ne, a 1974 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar fansho, Shugaba Gerald Ford ya sa mata hannu, wadda ta halatta wa ma'aikaci ya buɗe asusu na kansa, wanda suke kira IRA, yana tara kuɗi a ciki, hukuma kuma ta jinkirta masa haraji har ranar da zai fara cira. Daga baya, a 1997, aka ƙaro wani nau'i mai ɗauke da sunan Sanata William Roth, wanda ake biyan harajinsa tun farko, a ci amfaninsa a tsufa ba haraji. Galibin jama'a hannun jari da takardun bashin gwamnati suke saye da shi. Sai dai dokar ba ta lissafa abin da ya halatta a saya ba, abin da ya haramta kaɗai ta ambata, kamar inshorar rai, da kayan tarihi, da zane-zane, da darduma, da kan sarki, da giya. Saboda haka aka sami kamfanoni masu buɗe asusun da mai shi zai umarce su su saya masa gida, ko gona, ko zinariya, ko rabo a kamfanin da bai shiga kasuwa ba, ko kuɗin intanet irin su Bitcoin. Wanda ya saba da tsarin Nijeriya tun dokar 2004, inda kamfanin fansho ke zuba kuɗin ma'aikaci bisa ƙa'idojin hukumar PenCom, zai ga cewa wannan wani sha'ani ne dabam. Kuma ba abin mamaki ba ne Musulmi ya yi sha'awarsa, domin hanya ce ta guje wa kuɗin ruwa, kuma wannan manufa ce kyakkyawa wadda ba ni da ja a kanta.

Amma abin da masu talla ba su cika faɗa ba, kuma shi ne jigon maganata, shi ne cewa kamfanin da ke riƙe da asusun mai ajiya ne kurum. Ba ya bincikar ko filin da aka ce an saya yana nan, ko kamfanin da aka zuba wa kuɗi na gaskiya ne, ko ƙimar da aka rubuta a takardar ƙarshen shekara ita ce ainihin ƙima. Sau da yawa ma adadin da mai sayarwa ya aiko masa shi yake kwafewa ya turo wa mai asusu. Hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannun jari, ta sha yin wannan gargaɗi tun 2011. Ɗalibin fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin a babin wadi'a fuƙaha'u sun tabbatar da cewa wanda aka ba ajiya ba ya lamuni sai in ya yi sakaci ko ta'addi, balle a ce ya lamunci kyawun cinikin da mai dukiya ya ƙulla da zaɓin kansa. Inshorar gwamnati ta FDIC kuwa, wadda ke tsare ajiyar banki har dala 250,000, ba ta shafi gida ko zinariya ko Bitcoin ba ko kaɗan.

Mazambata sun fahimci wannan giɓi fiye da kowa, suna fakewa da sunan mai ajiya mai rajista domin a zaci hukuma ta tantance hajarsu. A ƙarshen 2017 kamfanin Woodbridge ya rushe bayan ya tara dala biliyan 1.2 daga mutum fiye da 8,400, da yawansu tsofaffi ne da suka zuba kuɗin fanshonsu, alhali ana biyan na farko ne da kuɗin na baya. Shugabansa, Robert Shapiro, an ɗaure shi shekara 25 a 2019. A watan Satumba na 2020 kuma hukumar CFTC, mai kula da kasuwar hajoji, da hukumomin jihohi 30 suka kai ƙarar dillalan Metals.com bisa zargin karɓar dala miliyan 185 daga mutum 1,600, ta hanyar tsorata su da rugujewar tattalin arziki, sa'an nan a sayar musu da tsabar zinariya da azurfa a kan ninki biyu har ninki huɗu na farashin kasuwa.

Ko da an tsira daga mazambaci, akwai sharuɗɗan doka, kuma a nan ne nake jiye wa mutanenmu tsoro ƙwarai, domin sharuɗɗa ne da suka ci karo da zumunci irin namu. Doka ta hana kowace irin mu'amala tsakanin asusun da mai shi, ko matarsa, ko iyayensa da kakanninsa, ko 'ya'yansa da jikokinsa da matansu ko mazansu. Ma'anar wannan ita ce, idan mutum ya sa asusunsa ya sayi gida, ko a Amurka ko a Kano ko a Kumasi, to, sunan asusun ne a takarda, shi kuwa ba shi da ikon kwana a ciki ko dare ɗaya, ba zai saukar da tsohuwarsa a ciki ba ko da za ta biya haya, ba zai sayi filin daga hannun mahaifinsa ba, kuɗin haya kuma asusun za su koma, ba aljihunsa ba. In rufi ya yi yoyo daga asusun za a biya mai gyara, masana haraji ma suna hana mai asusu ya ɗauki guduma da hannunsa. In kuwa babu tsabar kuɗi a ciki, ba shi da damar ƙarawa sama da haddin shekara, wanda a 2025 dala 7,000 ne, ko 8,000 ga wanda ya kai shekara 50. Wane Bahaushe ne zai mallaki gida a garinsu, mahaifiyarsa tana zaman haya, ya ce mata doka ta hana? Amma in ya saɓa, hukuncin mai tsanani ne: ana ɗaukar asusun gaba ɗaya tamkar an cire shi tun ranar farko ta wannan shekara, a ɗora masa haraji a kan dukkansa, a ƙara tarar kashi 10 cikin ɗari in bai kai shekara 59 da rabi ba.

Zinariya ma da nata ƙa'idar. Wajibi ne tsarkinta ya kai kashi 99.5 cikin ɗari, in ban da wasu tsabobi da doka ta keɓe, kuma ta zauna a hannun mai ajiya. A 2021 kotun haraji ta yanke hukunci a kan wata mata a jihar Rhode Island wadda ta sayi tsabobi na wajen dala 400,000 da asusunta ta kulle su a akwatin ƙarfe a gidanta, bisa abin da ta gani a tallan wani kamfani, kotu ta ce wannan cirewa ce, sai ta biya haraji da tara. Masu cewa zinariya ba ta faɗuwa kuwa, tarihi bai goyi bayansu ba, domin oza ɗaya ta kai dala 850 a Janairun 1980, ta sauko ƙasa da 260 a 1999, ba ta sake taka 850 ba sai a 2008. Mai shekara 60 ba shi da tabbacin shekara 28 na jira. Bitcoin ya faɗo daga wajen dala 69,000 a Nuwamban 2021 zuwa ƙasa da 17,000 bayan shekara guda. Labarin attajiri Peter Thiel, wanda jaridar ProPublica ta bayyana a 2021 cewa ya mai da abin da bai kai dala 2,000 ba zuwa biliyan 5 a asusun Roth, gaskiya ne, sai dai shi yana cikin waɗanda suka kafa PayPal, ya sayi rabonsa tun kamfanin yana cikin tsumma.

Akwai kuma mushkilar tsufa kanta, domin daga shekara 73 doka ta tilasta wa mai asusun asali, wato wanda ba na Roth ba, ya riƙa cire wani kaso kowace shekara, alhali gida ba a sayar da shi ɗaki-ɗaki, mai saye kuma ba ya zuwa ranar da ake bukatarsa.

Ban ce hanyar haramun ce ba, kuma ban ce kowa ya ƙaurace mata ba. Wanda ya san sana'ar gidaje tun da daɗewa, yana da wata dukiya a gefe, yana iya amfana da ita. Abin da nake gani shi ne kada a zuba fiye da ɗan kaso, a bar tsabar kuɗi a asusun domin gyara da kuɗin mai ajiya, a nemi shawarar masanin haraji wanda ba shi da la'ada a cinikin, a duba sunan dillali a rajistar BrokerCheck ta hukumar FINRA mai sa ido kan dillalai, rajistar da kyauta ake duba ta, a kuma tambayi malamai hukuncin zakkar irin wannan dukiya da sharaɗin hannu da hannu a cinikin zinariya. In an ƙudura niyyar ƙaura da kuɗi daga tsohon asusu, a sa kamfanin farko ya tura su kai tsaye zuwa na biyu, domin in suka biyo ta hannun mai su, kwana 60 kaɗai doka ta ba shi ya mai da su, in ya wuce haka sun zama abin haraji.