Tarakta Mai Cokali: A Yi Tafiya da Cokalin a Ƙasa

Ya kai direban tarakta, da kai manomin auduga da ke hayarta, ku saurara.

Tarakta mai cokali a gaba, watau babban shebur ɗin nan na ƙarfe, tana rage wahala ƙwarai. Takin shanun da majiya ƙarfi za su yini suna ɗiba da kwando, ita kafin hantsi ta kwashe shi. Amma fa cokalin nan yakan sake halin tarakta, har ta kife da mai tuƙa ta a wurin da dā take wucewa lafiya.

Ga dalili. Dubi jaki da mangala. In kayan sun rataya ƙasa, dama da hagun, sai ya yi ta tafiya abinsa. In kuwa aka tula su bisa gadon bayansa, ɗan tuntuɓe kaɗan sai kaya su juye. Haka tarakta take. Ƙafafun baya su ne ke riƙe da ita. Na gaba kuwa a kan ƙusa guda suke lilo a tsakiya, don su bi tudu da kwari. Sa'ad da ka cika cokali, nauyi ya koma gaba, baya ya yi sakayau. In kuma ka ɗaga shi sama, to, kunya ɗaya ta gonar auduga ko ramin gara ya isa ya kayar da kai.

Saboda haka, in ka ɗebi kaya, sauke cokalin ƙasa ƙasa, yadda dai ba zai taɓa ƙasa ba, sa'an nan ka tafi. Kada ka ɗaga sai ka iso bakin tirela, a wuri mai bai ɗaya, ka kuwa miƙe sitiyari. Ka sa nauyi a baya, ko ƙarfen da aka yi don haka, ko ruwa cikin tayoyin baya. Ka lura kuma, ido ba ya auna kaya: auduga tana cika cokali ba nauyi, amma jiƙaƙƙen taki ko yashi rabin cokali ma kaya ne.

Wajen kwana ka rage gudu tun daga nesa. In ka ninka gudu sau 2, ƙarfin da ke neman kifar da kai yakan ninku sau 4. A kan hanya ka haɗa birkin dama da na hagun da sakatarsu, gama taka guda ɗaya cikin gudu yakan fizge tarakta gefe.

Gangara ita ce babbar matsala. Kada ka ratsa ta a karkace. Da kaya a cokali, ka hau da gaba, ka sauko da baya, cikin ƙaramar giya, kayan kullum suna wajen tudu. Bakin rafi da na lambatu ka ba su tazara, aƙalla kwatankwacin zurfinsu, balle da damina. In taraktarka tana da ƙarfen kariya bisa kan direba, ka ɗaura bel ɗin kujera.

Ranar kasuwar auduga yara sukan roƙa a ɗauke su cikin cokali. Ka ƙi, ko ɗan maigari ne. Kujera ɗaya aka yi wa tarakta. Kada kowa ya tsaya ƙarƙashin cokalin da aka ɗaga, ka kuma dubi wayar lantarki kafin ka ɗaga. In za ka sauka, ajiye cokali a ƙasa, ja birkin hannu, kashe inji, zare makulli.

Man da ke ɗaga cokali a matse yake cikin tiyo. In kana zaton yana yoyo, kada ka shafa da hannu, ka kara guntun kwali ka gani. Tsirtuwarsa takan huda fata ta shiga nama, raunin kuwa kamar sukar ƙaya, ba shi da ban tsoro a ido. Wanda abin ya sama a kai shi asibiti nan take, a faɗa wa likita man inji ne ya shige shi.