Tsofaffin faya-fayan garmaho na gidajenmu a Minna: a duba kafin a ba 'yan gwangwan

Duk wanda ya tashi a Minna, a Limawa ne ko Tunga ko Bosso ko kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, da wuya a ce bai taɓa ganin rediyogiram a falon wani dattijo ba. Wato wannan doguwar akwatin katakon mai rediyo a gefe ɗaya da garmaho a ɗaya gefen, faya-fayai kuma jere a ƙasa. Yau yawancinsu sun mutu, sun koma teburin ajiye kwanuka. Faya-fayan kuwa suna cikin kwali a sito, zafi da gara suna cinsu, har ranar da za a yi shara a kira mai baro ya kwashe.

To jama'a a dakata. A cikin irin wannan kwalin akwai faifan da wani a Landan ko Tokiyo zai biya ɗaruruwan daloli a kansa. Maganar ta shafe mu mazauna Kudu ta fuska biyu: gidajen iyayenmu da muka baro a Arewa, da kuma 'yan'uwanmu masu sana'ar gwangwan da jari-bola a Legas, Badun, Anacha da Aba, waɗanda kayan nan ke bi ta hannunsu kullum.

Yadda faya-fayan suka shigo

A shekarun 1960 kiɗan baƙaƙen fatan Amurka da ake kira sol, da ƙaninsa fank mai nauyin ganga da jita, ya mamaye biranen Afirka ta Yamma. Geraldo Pino, ɗan Saliyo, yana cikin waɗanda suka fara kawo shi Legas, daga baya ya zauna a Fatakwal. A watan Disamba na 1970 James Brown da kansa ya zo Najeriya ya yi wasa. Daga nan samari suka ɗauka: The Funkees a Gabas, BLO da Monomono a Legas, Ofege 'yan makarantar St. Gregory's, da tagwayen nan Lijadu Sisters.

Arewa ma tana ciki. Bala Miller da ƙungiyarsa sun yi waƙa da Hausa a kan kayan kiɗan zamani, a Jos kuma akwai Sahara All Stars. Bongos Ikwue, ɗan Otukpo, ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ya shahara.

Me ya kawo Minna cikin zancen? Jirgin ƙasa da aikin gwamnati. A Minna ne layin dogon Baro ya haɗu da wanda ya taso daga Legas zuwa Kano, saboda haka tun da daɗewa akwai Yarbawa da Ibo da suka zauna a garin, kamar dai yadda mu muke zaune a Sabo ko Agege. A 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, kuɗi ya shigo hannu, mutane suka yi ta sayen rediyogiram da babur. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Neja, Minna ta zama babban birni, ma'aikata suka kwararo da iyalansu da kayansu. Faifan da aka buga a Legas jirgi ne ke kawo shi har gida.

Me ya sa suka yi tsada?

Dalili na farko ƙaranci. Kamfanoni irin su EMI, da Decca mai tambarin Afrodisia, da Tabansi na Anacha, sukan buga faifan ƙaramar ƙungiya kaɗan ne, in bai samu kasuwa ba shi ke nan. A shekarun 1980 kaset ya zo, masu satar fasaha suka cika kasuwa, tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin waje suka sayar da harkarsu suka tafi. Da yawa daga cikin tef-tef ɗin asali da aka naɗi waƙoƙin a kansu sun ɓace ko sun lalace. Ka ga ke nan wata waƙar, faifan da ke cikin siton gidanku yana cikin 'yan kaɗan da suka rage a duniya.

Dalili na biyu, Turawa sun gano daɗin kayan. A 2001 kamfanin Strut na Ingila ya fitar da tarin waƙoƙi mai suna Nigeria 70, a ciki har da “Ikon Allah” ta Bala Miller da wata ta Sahara All Stars. A 2008 Soundway, shi ma na Ingila, ya biyo da Nigeria Special. Wani Bajamushe, Frank Gossner, ya zauna a Konakiri yana zagaya ƙasashen yankin yana sayen faya-fayai. A 2013 kamfanin Luaka Bop na Amurka ya sake buga waƙoƙin William Onyeabor na Inugu, mutumin da ya daɗe da barin waƙa, sai ga shi duniya tana nemansa kafin rasuwarsa a 2017. Namu ma akwai: Uchenna Ikonne ya yi shekaru yana bin tarihin waɗannan mawaƙa. A Nijar kuma kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da kiɗan Mamman Sani na 1978.

Tun daga nan dillalai suka bazu, suna shiga gida-gida da shagunan tsofaffin kaya, suna saye da arha.

Ba kowane faifai ne kuɗi ba

Nan ne mutane ke ruɗewa. Wani zai ga hoton James Brown ko Michael Jackson ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Ina! Waɗannan an buga su da miliyoyi, suna nan birjik a Turai. Abin da ake nema shi ne ɗan gida: ƙungiyar da ba kowa ya san ta ba, bugun Najeriya ko Gana ko Kwatano, na tsakanin ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1980.

Ga abin da za ka duba. Faifai iri uku ne. Akwai tsohon nan mai nauyi da ke fashewa kamar tangaran, mai juyi 78 a minti. Akwai ƙarami mai juyi 45, yawanci waƙa ɗaya a kowane gefe. Sai babba mai juyi 33, wanda ke zuwa cikin kwali mai hoto. Fank da sol suna kan na biyu da na uku. A takardar da ke manne a tsakiya za ka ga sunan mawaƙi, sunan kamfani, da lamba. Na EMI ta Najeriya sau da yawa lambar na farawa da NEMI, na Afrodisia kuma da DWAPS. Rubuta sunan da lambar a shafin Discogs, za ka ga faifan da kuma farashin da aka sayar da irinsa a baya. Wanda bai iya ba, ya ba yaro mai waya ya duba masa, minti biyar ne.

Sai lafiyar faifan. Wanda ya karce, ko rana ta lanƙwasa shi, ko kwalinsa ya ɓace, darajarsa ta faɗi ƙwarai. Mai kyau da kwalinsa na iya ninka wancan sau da yawa.

Faya-fayan Shata da Ɗan Maraya Jos fa? Masu neman fank ba su cika biyan kuɗi mai yawa a kansu ba. Amma a wurinmu sun fi ƙarfin a auna su a sikeli, don wasu naɗin ba a samunsu da tsabta a ko'ina yanzu.

Yadda ake adana su

A tsayar da su a tsaye kamar littattafai, kada a ɗora su kan juna. A nisanta su da rana da ɗakin kwano mai zafi, domin roba ce, tana lanƙwashewa. A ɗaga su daga ƙasa saboda danshin damina da gara. In za a goge, ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi, a bi zagayen layukan, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Ban da kananzir, ban da fetur. Kuma don Allah kada a gwada faifai da tsohuwar allurar da ta dakushe, sau ɗaya ya isa ta cinye shi.

Kafin ka sayar

Na ɗaya, kada ka yarda da cinikin kwali ɗungurungum. Mai saye yakan ce a haɗa duka ya biya kaza, alhali faifai ɗaya ko biyu yake hange. A ware, a ɗauki hoton kowane, gaba da baya, a tambayi mutum fiye da ɗaya. A Legas akwai shaguna irin su Jazzhole da ke Ikoyi inda ake sayar da faya-fayai, mutum na iya zuwa ya ga yadda kasuwar take.

Na biyu, in kayan mamaci ne, to gado ne. Ba naka kai kaɗai ba ne don kawai kai ka fara buɗe siton. A sanar da sauran magada kafin a taɓa.

Na uku, mallakar faifai daban, mallakar waƙa daban. Kana da ikon sayar da faifanka, amma sake buga waƙar don kasuwa sai da izinin mai ita ko magadansa. In wani ya ce ka sa hannu a takarda, ka karanta tukuna.

Na huɗu, ka sa a naɗe maka sautin a waya ko kwamfuta kafin faifan ya bar hannunka. In ya haye teku, da wuya ya dawo, wata rana jikanka sai ya biya kuɗi kafin ya ji abin da kakansa ke saurare a falonsa.

Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Masu zuwa gida da Sallah ko biki, ku leƙa siton nan. 'Yan'uwa masu tura baro kuma, in kun ci karo da baƙin faifai a cikin kaya, ku ware shi gefe a inuwa, ku duba sunan da lambar kafin ya hau sikeli.