Makero Daban, Kirci Daban: Raddi ga Masu Cewa Kirim Ɗaya Ya Isa

A gidajenmu da yawa akwai ɗan bututun kirim da ba a rasa shi kusa da man shafawar yara. Jariri ya yi ƙuraje a kumatu, sai a matso a shafa. Yayansa ya dawo daga makaranta da tabo a hannu, shi ma a shafa. Wasu iyayen har matse shi suke yi cikin man kaɗe su cakuɗa, ya zama man shafawar kullum bayan wanka. In ka tambayi dalili, amsar kusan iri ɗaya ce daga bakin uwa, ko kaka, ko mai kemis na unguwa: "Ai duk ciwon fata ne, wannan kuwa mai haɗi uku ne, ba abin da yake bari."

Masu wannan magana ba shaci-faɗi suke yi ba, abin da idonsu ya gani suke faɗa. An shafa, kwana biyu ko uku ƙaiƙayin ya kwanta, yaro ya yi barci, uwa ma ta samu ta runtsa. Kirim ɗin ba shi da tsada, asibiti kuwa sai an yanki kati an bi layi, wataƙila a wuni ba a ga likita ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba na raina shi. Inda na saba da su shi ne a kan cewa lafawar ƙuraje ita ce warkewa, da kuma cewa makero da kirci ciwo ɗaya ne.

Kama da wane ba wane ba ne. Makero baƙo ne da ya zo daga waje: wata ƙwayar halitta ce dangin fumfuna, wadda take cin mataccen saman fata da gashi da farce, kuma ɗaukarsa ake yi. Wani likita mai suna David Gruby ne ya nuna ƙwayar a madubin likita a birnin Faris tun farkon shekarun 1840. Yaro yana ɗauka daga ɗan uwansa, daga hular da suka yi aro, daga matashin kai, mataji, askar wanzami ko injin aski da ba a tsabtace ba. Yana ɗauka daga kyanwa, kuma a gidan da ake kiwo yana ɗauka daga ɗan maraƙi. Shi ya sa a makarantar allo ko ta kwana za ka ga kawuna biyar ko shida a jere da tabo iri ɗaya.

Kirci, wato ciwon da likitoci ke kira ekzima (ban da ƙyasbi, wanda a bakin mutane shi ma yakan sha wannan suna alhali ciwo ne na daban), a jikin yaron yake. Fatarsa ce ba ta riƙe laima kamar ta sauran yara, sai ta bushe ta tsattsage, abu kaɗan ya tayar mata da hankali. Yana bin jini. Sau da yawa za a tarar da mai asma ko mai yawan atishawa a dangin. A shekarar 2006 masu bincike a Jami'ar Dundee ta ƙasar Sikotilan suka gano cewa naƙasa a ƙwayar gadon da ke sarrafa wani sinadarin fata mai suna filagirin tana daga cikin manyan dalilansa. Ba a ɗaukarsa ko da gado ɗaya ake kwana, don haka matar da ke hana 'ya'yanta wasa da ɗan kishiyarta mai kirci ta ɗauki alhakin yaron a banza. Yawanci yana farawa kafin yaro ya cika shekara biyar, da yawa ma tun a shekarar farko, kuma hunturu babban abokin gabansa ne.

To yaya uwa za ta bambanta su? Ta fara duba bakin tabon. Makeron jiki yana da iyaka a fili: gefensa ya ɗan tasa, da ɓamɓaroki ko 'yan ƙananan ƙuraje a jere, tsakiyarsa kuwa ta fi lafawa, kuma kullum zoben faɗaɗa yake yi. Yakan fara da guda ɗaya ko biyu, a ɓangare ɗaya na jiki. Kirci ba ya yanka iyaka, sajewa yake da lafiyayyar fata, kuma yana son fitowa dama da hagu tare: kumatu biyu da gwiwoyi a jikin jariri, in yaro ya tasa sai ya koma lanƙwasar hannu, bayan gwiwa da wuya. Sauran jikin ma za a ji shi a bushe. Ƙaiƙayinsa ya fi na makero nesa ba kusa ba, irin wanda jariri ke goga fuska a zanin goyo, ya hana gida barci. Sannan yana tafiya ya dawo. Tabon da ya lafa da damina ya tashi da sanyi, bara haka bana haka, da wuya ya zama makero.

Akwai abin da ke ruɗa mu da littattafan da aka rubuta don farar fata ba su cika faɗa ba. Su ja suke gani. A baƙar fata kirci yakan fito da duhu ko toka-toka, wani lokaci kamar tsikar jiki ce ta tashi ta ƙi kwanciya, in ya warke kuma ya bar wurin da haske ko da baƙi har tsawon watanni. Wannan hasken ba sabon ciwo ba ne, kuma ba ya buƙatar kirim mai ƙarfi. Da kansa yake komawa.

Dole in yarda da abu ɗaya: akwai wani nau'in kirci mai fitowa a zagaye kamar kwabo, wanda ko likita yakan tsaya ya sake dubawa. Shi cike yake da ɓawo har tsakiya, wani lokaci yana tsattsafo da ruwa, amma ido kaɗai ba ya yanke hukunci kullum. A nan ne ake kankaro ɗan ɓamɓarokin gefen tabon, a ɗiga masa wani ruwan sinadari, a duba a madubin likita. Ba a huda yaro, ba a ɗibar jini. In zaren ƙwayar yana nan za a gan shi. Idan likitan fata da ya yi shekaru yana wannan aiki yana buƙatar madubi, ina ga mai kemis da aka kwatanta wa ciwon da baki, yaron ma yana gida?

Yanzu mu buɗe bututun. Irin su Funbact-A da Skineal da danginsu magunguna uku ne a haɗe: na kashe ƙwayar makero, na kashe bakteriya, sai kuma sitiroyid mai ƙarfi. Ga wanda zai duba jikin kwali, sunayen sitiroyid ɗin da zai nema kamar yadda ake rubuta su su ne betamethasone, clobetasol da dexamethasone. Sitiroyid ɗin nan shi ke yin abin mamakin da ake gani cikin kwana biyu. Aikinsa shi ne ya danne martanin da fata ke mayarwa, wato kumburi da ƙaiƙayi. Ga mai kirci wannan dannewa magani ce, in an yi ta da awo. Ga mai makero kuwa, martanin nan shi ne yaƙin da jiki ke yi da baƙon. An kwantar da mai gadi, ɓarawo ya samu sarari. Zoben ya baje, ɓamɓarokin ya ɓace, ƙwayar tana ci gaba da yaɗuwa, har takan bi ramin gashi ta nutsa inda kirim ba ya kaiwa. Da an daina shafawa sai ciwon ya dawo ya fi da faɗi, uwa ta ce kirim ɗin ne ya ƙare da wuri, a sayo wani. Likitoci biyu a Ingila, Ive da Marks, sun bayyana wannan hali tun 1968, suka kira shi makero mai ɓad da kama.

Za a ce, ai akwai maganin makeron a ciki. Akwai, amma an haɗa shi da abin da ke warware masa aiki, kuma saboda ƙaiƙayi ya tafi da wuri mutane kan daina shafawa kafin ƙwayar ta mutu. Indiya ta ga inda wannan hanya take kaiwa. An yi shekaru ana sayar da irin waɗannan haɗe-haɗe a can ba tare da takardar likita ba, sai ga wani nau'in makero mai taurin kai da ke mamaye jiki, wanda sau da yawa ba ya jin tabinafin, maganin da aka fi dogaro da shi. A 2020 aka raɗa masa suna Trichophyton indotineae, kuma a 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton samunsa a birnin New York. Likitocin fata na Indiya suna ɗora babban kaso na laifin a kan wannan shafe-shafe.

Mai kirci ma bai tsira ba. Sitiroyid hawa-hawa ne. Haidirokotison, wanda aka fara shafawa a fata a 1952, shi ne mai sauƙi da ake ba jarirai na tsawon 'yan kwanaki. Kulobetasol yana can ƙololuwa, ya ninka shi ƙarfi sau ɗaruruwa. Fatar jariri siririya ce, tana tsotse abin da aka shafa mata, balle a cikin famfas inda zafi da laima suke. In aka daɗe ana yi, fata takan yi laushi ta yi haske, jijiyoyi su bayyana, nanƙarwa ta fito wa yaron da bai yi ƙiba ba. Wanda ya shiga jini yana iya kumbura fuska, ya rage girma, ya sa jiki ya daina sarrafa nasa sinadarin. Abin takaici, hasken nan da kumburin kumatu su ne wasu ke yabawa, a ce jariri ya yi fari ya yi ɓul-ɓul.

Makeron kai kuwa nasa hukuncin daban ne, kuma a nan aka fi asarar kuɗi. Ƙwayar tana cikin silin gashin, don haka babu kirim ɗin da zai warkar da shi, mai haɗi uku ne ko mai haɗi goma. Alamarsa gashi ya kakkarye a wuri guda, wurin ya yi furfura-furfura kamar an barbaɗa toka, sau da yawa da kaluluwa a bayan wuya. Maganinsa na sha ne: girisiyofulbin, wanda ake amfani da shi tun 1958, ana sha mako 6 zuwa 8 tare da abinci mai maiƙo ko madara don ya shiga jiki sosai, ko kuma tabinafin, gwargwadon nauyin yaro da abin da likita ya gani. Wani lokaci wurin yakan kumbura ya yi taushi yana fitar da mugunya, a ɗauka maruru ne a kai wa wanzami ya tsaga. Kada a tsaga. Makeron ne ya yi tsanani, kuma jinkiri a nan yana iya barin sanƙon da gashi ba zai sake tsirowa ba. Haka man birki da dakakkiyar tafarnuwa da wasu ke ɗorawa, ƙuna kawai suke ƙarawa. Ɓawon nan mai maiƙo da ke fitowa a kan jariri ɗan wata biyu ko uku kuma yawanci ba makero ba ne, yakan tafi da kansa.

Makeron jiki in bai yi yawa ba, kirim mai magani ɗaya tak ya ishe shi, irin kulotirimazol ko mikonazol, safe da yamma, mako 2 zuwa 4, a ci gaba da mako guda ko biyu bayan tabon ya ɓace. A raba wa yaro tawul da hula da mataji, a duba 'yan uwansa da dabbobin gida. Kirci kuma rabin maganinsa mai ne: basilin ko man kaɗe zalla, a lafta da yawa da zarar an fito daga wanka jiki bai gama bushewa ba, a sake da rana in hunturu ne. A rage zafin ruwa, a ajiye soso mai kaushi da sabulun magani da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bahon wanka, a yanke masa farce, a sa masa tufafin auduga. In ya tashi, likita ya zaɓi sitiroyid ɗin da ya dace da shekarunsa da wurin da ciwon yake. Kircin da ya soma ruwa da ɓawo ruwan zuma, ko ya zo da zazzaɓi, ranar za a tafi asibiti.

Wadda ta riga ta yi makonni tana shafa mai haɗi uku, ta ɗauki yaron da bututun ta tafi da su tare, ta faɗa wa likita tsawon lokacin da ta yi da kuma wuraren da ta shafa, don ciwon da aka ɓad wa kama sai da wannan bayani ake gane shi. In kuwa watanni aka yi ana shafe jikin jariri gaba ɗaya da shi, kada a tsayar farat ɗaya a gida. Akan janye shi ne sannu a hankali, a hannun likita.