“Ƙaddara ce, mun yafe”: to wa zai biya kuɗin aikin ƙafar?

Tun da Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya umarci 'yan sanda su fara kama duk abin hawan da ba shi da inshora daga ranar 1 ga Fabrairun 2025, hirar da ake yi a majalisun Gwammaja a nan Kano ba ta sauya ba: an sake buɗe wa masu kaki wata ƙofar karɓar na goro. Wataƙila da gaskiya a ciki. Abin da ya dame ni shi ne har yau ban ji wanda ya tambayi amfanin takardar inshorar ba. Mun ɗauke ta tamkar laya, a nuna wa ɗan sanda ko ɗan KAROTA mai kula da titi a wuce.

Akwai wani tela a layinmu, yaro mai hankali. Ya kira mota ta manhajar waya daga Zoo Road zai dawo gida da dare, daf da Ƙofar Mazugal direban ya yi karo da wani ɗan Adaidaita Sahu da ya shigo ba fitila. Cinyar telan ta karye gida biyu. Allah ya sa asibitin ƙashi na Dala yana kusa. Kwana uku bayan haka ina wurin dubiya sai ga dangin direban, da dattijo a gaba, da ledar lemo da gwangwanayen madara, da ambulan ɗin da aka cusa a ƙarƙashin matashi. Mahaifin yaron ya sunkuyar da kai ya ce, “Haba Alhaji, ai ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba, mun yafe.” Aka shafa fatiha. Da likita ya rubuta kuɗin ƙarfen da za a sa a ƙafar, keken ɗinkin yaron aka fara sayarwa.

A doka zancen ba shi da tsawo. Wanda ya yi ganganci da mota ya raunata wani, biya ya hau kansa, yana kuma iya hawa kan mai motar idan aikinsa direban yake yi. Da yake an san yawancin direbobi ba su da abin biya, tun 1945 Turawan mulki suka yi dokar tilasta inshorar da ake kira ta mutum na uku. Na farko mai mota, na biyu kamfanin inshora, na ukun kuwa kai ne da aka buge. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara ga motar gida, abin da za a biya na ɓarnar dukiya ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Mai ƙafa uku yana biyan naira 5,000, a tsaya masa har miliyan 2. Wannan iyakar ta dukiya ce. Rauni da rai ba a yanka musu irin wannan iyaka ba.

Motar manhaja tana da nata tarkon. Kamfanonin, tun daga Uber da ya shigo Legas a 2014 har Bolt da ake kira a Kano, matsayinsu ɗaya: direba ba ma'aikacinsu ba ne, su dillalai ne masu haɗa shi da fasinja. A Ingila sai da aka kai kotun ƙoli a Fabrairun 2021 kafin ta ce direbobin Uber suna da haƙƙin ma'aikata. Mu nan ba mu kai can ba. Sannan da yawa daga cikin motocin na gida ne da aka mayar na haya, inshorar motar gida kuma a al'ada ba ta ɗaukar fasinjan da ya biya kuɗi. Wannan ma idan takardar ta gaske ce, ba wadda aka bugo a ƙarƙashin bishiya a bakin ofishin lasisi ba. Akwai rumbun bayanai na NIID da ake duba lambar mota a waya a ga ko tana da inshora.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda garin da almajiransa suke haddace Risala ya wayi gari yana ganin neman diyyar rauni rashin tawakkali ne, ko wata bidi'ar Nasara. Ku buɗe babin jini da haddi na littafin Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, ko Mukhtasar na Khalil, ko Muwaɗɗa inda aka kawo wasiƙar da aka ba Amru bin Hazm. Lissafi ne dalla-dalla wanda ko kamfanin inshora zai yi sha'awa. Diyyar rai a kisan kuskure raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Hannu ɗaya rabin diyya, haka ido, haka ƙafa. Kowane yatsa raƙuma 10. Haƙori raƙuma 5. Rotsen da ya bayyana ƙashin kai raƙuma 5. Raunin da ba a yanka masa adadi ba, alƙali da masana su kimanta nakasar da ya bari, abin da malamai ke kira hukuma. Kuma a mazhabarmu ba a yanke kuɗin rauni sai ya warke an ga abin da ya zama. A kwatanta wannan da mu da muke yafewa a kwana na uku, mara lafiya bai ma shiga ɗakin tiyata ba.

Wa ke biyan waɗannan raƙuma? A nan hikimar take. Shari'a ta san mutum ɗaya ba zai iya ba, sai ta ɗora diyyar kuskure a kan aƙila, wato dangin mai laifin ta wajen uba, su yi karo-karo su biya cikin shekara uku. Malikiyya suka ce idan abin ya kai sulusin diyya aƙila ce za ta ɗauka, ƙasa da haka daga aljihun mai laifi. Da garuruwa suka bunƙasa a zamanin Sayyadina Umar, aka rubuta mayaƙa a diwani, sai 'yan diwani ɗaya suka zama masu ɗaukar wa juna. Ma'ana, waɗanda rajista ɗaya ta haɗa suna iya tsayawa a matsayin dangi. To ɗan Adaidaitan da ya baro ƙauyensu ya zo Kano yana biyan balas kullum, yana kwana a shago, ina aƙilarsa? Babu. Abin da ya fi kama da ita a yau shi ne asusun da dubban masu abin hawa suka zuba kaɗan-kaɗan domin ranar tsautsayi.

Na san za a ce inshora akwai riba da garari a cikinta. An daɗe da amsa wannan. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar Musulunci, tun 2013, Noor Takaful da Jaiz Takaful suka sami lasisi a 2016, kuma suna sayar da irin wannan takarda ta mota. Duk da haka shekara nawa muna jin huɗuba a kan tsadar aure da kayan lefe, ban taɓa jin limamin Juma'a ya ware huɗuba guda a kan haƙƙin wanda mota ta karya ba. Yafiya alheri ce, Alƙur'ani ma ya bar ƙofarta a buɗe ga magada. Sai dai mai haƙƙi ne ke yafewa, bayan ya san girman abin da zai bari. Uba ba ya yafe ƙafar ɗansa baligi don kunyar rawanin baƙo. Kuma idan kamfanin inshora ne zai biya, wa aka yi wa alfarmar? Ba direban ba. Kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗinsa aka yi wa kyauta.

Ƙungiyoyin 'yan Adaidaita Sahu, waɗanda suka cika gari tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013, suna karɓar kuɗin tikiti kowace safiya. KAROTA ta iya bin kowane mai ƙafa uku ta manna masa lamba. Wanda ya iya wannan ba zai ce ya kasa tabbatar da inshorar naira 5,000 a shekara ba, ko ya kasa ajiye tebur ɗaya a kusa da asibitin Dala inda za a nuna wa majinyata yadda ake cika takardar neman biya.

Kafin su farka, wanda abin ya faɗa wa ya riƙe lambar motar, ya ɗauki hoton tafiyar a manhaja kafin ta ɓace masa, ya kai rahoto ga 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra, ya adana kowane rasit har na allura, ya kuma sanar da kamfanin manhajar a rubuce, tunda suna tallar cewa tafiyarsu na da kariya. Kada ya sa hannu a takardar sulhu ƙafa tana rataye. Idan motar hukuma ce, wa'adin shigar da ƙara na iya zama wata uku kacal.

Telan layinmu yana takawa yanzu, da sanda. Yana ɗinki a shagon wani, a keken haya. Na tambaye shi lambar motar da ta ɗauko shi daren nan, ya ce wayar ma an sayar.