Daga Gwiwa zuwa Birnin Dabo: Yadda ɗalibi zai ci moriyar kwana biyu a Kano

In ka tambayi ɗalibin sakandare a Gwiwa ko Roni ko ya taɓa zuwa Kano, da wuya ya ce a'a. In ka ƙara tambayarsa me ya gani, sai ya ce ya raka mahaifiyarsa asibiti, ko ya riƙe wa yayansa kaya a Kantin Kwari, ko ya je bikin 'yan uwa a Kurna. Ya sha cunkoso da hayaƙin mota, ya dawo da burodi. Amma Dutsen Dala da ya haddace don jarrabawa, ko daga nesa bai lura da shi ba.

Wannan ne ya sa a wannan makon muka tsara wa ɗalibanmu na Gwiwa, Kazaure, Roni da Ɓaɓura ziyarar kwana biyu zuwa Kano, wadda aji guda zai iya yi da ɗan abin da iyaye suka haɗa. Muna ganin bai kamata a jinkirta ba, domin wasu daga cikin abubuwan da za mu lissafa suna ƙarewa a kan idonmu.

Tafiya ta fara tun daga hanya

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hutun hunturu, a Disamba ko Janairu. Da bazara zafin Kano kan kai digiri 40, kuma yawancin wuraren da ƙafa ake zaga su. A zaɓi ranakun aiki, domin wasu wuraren ofisoshin gwamnati ne. Malamin da zai jagoranci tafiyar ya aika da takarda tun da wuri, iyaye kuma su ba da izini a rubuce.

A tashi bayan sallar asuba. Daga Gwiwa a fito Kazaure, a hau titin da ya taso daga Daura, a bi ta Dambatta. Tsakanin Kazaure da Kano kimanin kilomita 80 ne. Kada a yi barci a mota, hanyar ma darasi ce. Ibrahim Ɗantunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure wajen 1819, ya daɗe yana fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo a wannan yanki kafin Sakkwato ta raba gardama. Kuma har zuwa ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Kano ce babban birnin jiharmu. Ke nan ba baƙunta za ku je ba, tsohon gida za ku leƙa.

Dab da shiga gari za ku wuce Dawanau. Ku kalli manyan motocin da ke jere da rumbunan ajiya. Wannan kasuwar hatsi tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kuma riɗi da zoɓorodon da kuka taya iyayenku girbewa, da yawansu nan suke zuwa kafin a kai su tashar jirgin ruwa.

Rana ta farko: Dala, Kurmi da Ƙofar Mata

Ku fara da Dala tun rana ba ta ɗaga ba. Ga wanda ya saba hawan duwatsun Roni da na Kazaure, Dala ba zai ba shi tsoro ba: matakala ce wajen 100, cikin 'yan mintoci an kai sama. Darajarsa tana cikin abin da ya gani. Masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narka tama a wajen tun kusan ƙarni na 7. A nan aka ce Barbushe ya zauna yana jagorantar bautar Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda, wanda littafin Tarihin Kano ya sa farkon sarautarsa a shekarar 999.

In kun kai sama, ku yi abu guda: ku buɗe littafin rubutu ku zana abin da kuke hange. Ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, ga rufin kwano iya ganinka. Sannan ku nemi ganuwa. A nan za ku gane abin da muke nufi da cewa kada a jinkirta. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta, Muhammadu Rumfa da wasu sarakunan bayansa suka faɗaɗa ta. Yau a wurare da dama ta zama tudun ƙasa kawai. Ruwan sama ya ci wani sashe, masu ɗibar ƙasa sun ci wani, gine-gine sun hau sauran. Wasu ƙofofin an rushe su an sake gina su da siminti don faɗaɗa titi. Abin da kuka gani bana, ba lallai ƙannenku su tarar da shi ba.

Da kun sauko, Gwammaja ba nisa. A can gidan Malam Aminu Kano yake, wanda ake kira Mambayya, yanzu cibiyar nazari ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Malam ya rasu a 1983, kuma a gidan aka binne shi. Ɗalibin da ke karanta darasin gwamnati ya dubi ɗakunan da kyau, ya ga irin sauƙin rayuwar mutumin da sunansa ke kan filin jirgin sama da babban asibitin koyarwa na Kano.

Daga nan sai Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Rumfa, tsakanin 1463 da 1499. Lungunanta ƙanana ne, wani wajen mutum biyu ba sa jerawa, don haka a riƙa tafiya biyar-biyar, kowane rukuni da babba. Ku leƙa wajen dukawa masu jaka da takalmin fata, da masu kayan doki, da masu littattafan addini da allo, da masu turare da kayan yaji. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan suke kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Ku yi ciniki da ladabi, kuma kada ku ɗauki hoton kowa sai kun nemi izini.

La'asar ta same ku a karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa ya faro tun 1498. Malaman kimiyya, wannan wajen naku ne. Marina suna haɗa baba da toka da ruwa a cikin rami mai zurfi, su bar shi kwanaki ya ruɓa har ya nuna. In an tsoma farin yadi aka ɗago shi, za ku ga ya fito da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gabanku. Iskar da muke shaƙa ce ke haɗuwa da sinadarin baban ta kama launin a jikin zare. Shi ya sa marini ke tsomawa yana ɗagowa sau da yawa: yawan tsomi, yawan duhun launi. A gefe kuma za ku ji ƙarar masu bugu suna dukan yadi a kan gungume har ya yi sheƙi.

Kafin ku tafi, ku ƙirga ramukan da ake aiki a cikinsu da waɗanda suka bushe ko shara ta cike. Yadin kanti mai araha da rinin zamani sun janye masu saye, samari da yawa sun bar sana'ar gado. In aljihu zai ɗauka, ajinku ya haɗa kuɗi ya sayi ko da ƙyalle ɗaya a rataye a makaranta.

Rana ta biyu: Gidan Makama zuwa gidan zu

Ku isa Gidan Makama da safe, kafin sauran makarantu su cika shi. Gini ne na ƙasa tun ƙarni na 15, inda aka ce Rumfa ya zauna kafin ya gina fadarsa, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne a hannun hukumar tarayya. Akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, kayan yaƙi irin su sulke da lifidi, kayan kiɗa, ɗakin amarya na gargajiya, da hotunan zuwan Turawa a 1903. Ku ɗaga kai ku kalli daurin guga da azara. Ku lura da sanyin ɗakunan duk da babu fanka, sannan ku tambayi kanku dalilin da ya sa ajinku mai rufin kwano yake zama tanderu da rana.

Kuna fitowa za ku ga Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano, wadda ake zaune a cikinta fiye da shekara 500. Ba a shiga kai tsaye. Ku tsaya daga waje ku kalli Ƙofar Kudu, in dogari ya ce a matsa, a matsa. Babban Masallacin Juma'a yana kusa. Ginin da ake gani yanzu an yi shi a farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Nan ya dace a yi azahar.

Akwai wuri guda da ya shafe ku kai tsaye: Gidan Ɗan Hausa a unguwar Nasarawa. Ɗan Hausa laƙabin Hanns Vischer ne, wanda ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a 1909, a wannan unguwa. Duk ɗalibin da ke sanye da rigar makaranta daga Gwiwa har Ɓaɓura, tushen karatunsa na boko yana da alaƙa da wannan gida.

A rufe da gidan zu na Audu Bako, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1970, aka sa masa sunan gwamnan Kano na farko. Ƙananan ɗalibai sun fi son nan. Kada a jefi dabba, kada a miƙa hannu cikin keji, kada a ba su abinci.

Me za a ci?

Kowa ya san ƙosai da koko, masa da miyar taushe, ɗanwake da fura. Akwai su a gida. Abin da ya kamata ku nema a birni shi ne gurasa, musamman ta Jakara, dab da Kurmi. Larabawan da suka zauna a Kano ake danganta ta da su. Ku ce a yi muku bandashe: a jiƙa gurasar, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa da tumatir. Tana da araha, tana riƙe ciki har yamma. Da dare, in an samu hali, a haɗa ta da tsire ko balangu.

Tsarabar gida kuwa, kilishin Agadasawa ya yi suna, ba ya lalacewa a hanya. Alkaki da dubulan da alewar madara za su faranta wa ƙanne rai. Dokarmu a nan ɗaya ce: ku ci abin da aka dafa a gabanku yana da zafi, ku wanke hannu, kuma kowa ya riƙe gorar ruwansa. Ciwon ciki a baƙon wuri yana iya ɓata tafiyar aji guda.

Kuɗi, masauki da tsaro

Ba mu kawo farashi ba, domin kuɗin mota da na abinci suna sauyawa kusan kowane wata. Shawararmu ita ce a kasa kuɗin gida huɗu: mota, abinci, kuɗin shiga wurare, da na ko-ta-kwana. Kuɗin komawa gida ya zauna a hannun malami tun daga Gwiwa. A tambayi ko akwai rangwamen ɗalibai a gidajen tarihi, a tafi da katin makaranta ko a sa rigarta.

Masauki ya fi sauƙi in makarantarku ta nemi wata makarantar kwana a Kano ta ba ku ɗaki, mata da malamarsu, maza da malaminsu. A cikin gari babu acaɓa tun 2013. A Daidaita Sahu ake hawa, kuma a yi ciniki kafin a shiga. Ƙwacen waya matsala ce da Kanawa kansu ke kuka da ita, don haka waya ta zauna a jaka, kada a bi lungu da duhu, kowa ya kasance a masauki kafin magariba. Kowane ɗalibi ya rubuta lambar malaminsa a takarda ya sa a aljihu.

In kun dawo

Kada ziyarar ta ƙare a hotuna. Kowane ɗalibi ya rubuta shafi guda a kan abu ɗaya da ya gani, a karanta a gaban aji. Sannan ku juyo da idon nan gida. Ku je wurin tsofaffin garinku ku tambaye su inda marina da maƙera suke a da, inda tsohuwar kasuwa take, da wanda ya haƙa tsohuwar rijiyar unguwarku. Ku je Kazaure ku kalli fada da madatsar ruwan Ayuba kamar ba ku taɓa ganinsu ba. Waɗanda suka rubuta abin da suka samo su aiko mana ta hannun malamansu, za mu buga mafi kyau a wannan shafi.