Kafin a Zargi Mai Gas, a Dubi Harshen Wutar

Unguwar Alshajara da ke kudancin Khartum, a gaɓar Farin Nilu, ba baƙuwar iskar gas ba ce. A nan ne manyan rumbunan mai da na gas suke, inda aka daɗe ana lodin tukwanen gas zuwa unguwannin Khartum da Omdurman. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya katse wannan harka. A watan Yunin shekarar gobara ta tashi a rumbunan ana tsakiyar faɗa, gas ya yi wuya, mata suka koma wa gawayi da itace. Tun da sojoji suka karɓe birnin a Maris na 2025 jama'a ke komawa gidajensu, har da 'yan'uwanmu Hausawan Sudan, suna tarar da murhun gas da ya shekara biyu ba a kunna ba.

Da an kunna wutar ta ƙi kyau, abin da za ka fara ji shi ne: "Ai gas ɗin ne, algus suka yi masa." A ganina mai gas na shan zargin da sau da yawa ba nasa ba ne. Matsalar tana jikin murhun, kuma wutar da kanta tana nuna inda take.

Lafiyayyiyar wuta shuɗiya ce, gajera, ta zagaye kan murhu ba giɓi. Gas ba ya ci shi kaɗai, sai ya gauraya da iska. Yana fitowa ne ta wani ɗan rami mai kamar kafar allura, ya ja iska ta wata ƙofa da ke gefen bututu, su haɗu kafin su kai sama. Idan ƙofar nan ta toshe, iska ta yi kaɗan, sai wutar ta koma ruwan ɗorawa, ta yi tsawo tana lilo, gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin. Me ke toshe ta? Ƙura, maiƙo, miyar da ta tafasa ta zube ta bushe. A gidan da aka daɗe da rufewa kuwa, a nan gizo ke saƙar, domin cikin bututun murhu wurin zamansa ne da shi da zanzaro.

Wannan wutar ba tukunya kawai take ɓatawa ba. Tana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Mai girki za ta ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya ta ɗauka zafin Khartum ne. A ɗakin da aka rufe tagogi, iskar nan tana kisa.

Amma ba kowane canjin launi ne laifi ba. Ranar da guguwar habub ta rufe gari, za a ga ɗigo-ɗigon ruwan lemo na walƙiya a saman shuɗiyar wuta. Ƙurar da ke yawo ce ke ƙonewa, da ta lafa shi ke nan.

Wutar da ke ɗagawa daga kan murhu tana huci ta mutu, iska ce ta yi mata yawa, ko kan tukunyar da ke daidaita ƙarfin gas ya lalace. Wadda ta yi laƙwas kuma, a fara jijjiga tukunyar gas ko ya kusa ƙarewa, a duba tiyo ko ya lanƙwashe, sannan ɗan ramin nan da gas ke fitowa. In kuwa na'urar gasa burodi ce, da ka saki makunni wutar ta ɗauke, ɗan ƙarfen da ke jin zafi kusa da wutar ne ya yi datti ko ya mutu. Aikinsa ke nan ya rufe gas idan bai ji wuta ba.

Gyaran gida bai wuce a rufe tukunyar gas, a cire kan murhu, a jiƙa shi da ruwan ɗumi da sabulu, a goge da tsohon burushi, a bar shi ya bushe sarai. Kada a soka allura ko ƙusa a ramin gas. In ya faɗaɗa, gas zai riƙa fita fiye da iskar da zai samu, wutar ɗorawar ta zauna dindindin.

Tiyon da ya sha rana shekara biyu ya tsattsage ko ido bai gani ba, a canja shi. A shafa kumfar sabulu a mahaɗai, inda ta kumbura nan ke yoyo. Ba a gwaji da ashana. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka in kika ji warinsa, uwargida, rufe tukunyar gas, buɗe ƙofa da tagogi, kada ki taɓa makunnin lantarki, ki fitar da yara waje sannan a kira mai gyara.