Hunturun ɗalibin digiri na biyu a Agiye, Gazawa da Gidan Rumji

Ɗalibin da ya kammala digirin farko ya zarce na biyu ko na uku a jihar Maraɗi yana tafiya ne da lissafin shekara iri biyu. Akwai shekarar jami'a, wadda a takarda take somawa a wajejen Oktoba. Akwai kuma shekarar manomi, wadda damina da kaka da rani suke yanke wa lokaci. A watannin Disamba da Janairu lissafan biyu suke haɗuwa, shi ya sa lokacin da ma'aikata ke ɗaukar hutun ƙarshen shekara ya zama lokacin da aiki ya fi yi wa irin wannan ɗalibi yawa.

Babu jami'ar gwamnati a gundumomin Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, amma dukkansu suna kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Gidan Rumji, ta gifta kusa da birnin Maraɗi, ta ratsa Cadawa da Agiye da Gazawa ta nufi Tasawa da Damagaram. Daga waɗannan garuruwa ɗalibai da yawa suke fitowa, can kuma wasunsu suke komawa yin bincike. A da duk mai son karatu mai zurfi sai ya tafi Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, ko ya tsallaka Zariya ko Kano ko Sakkwato. A 2010 aka kafa jami'ar Maraɗi, daga baya aka sa mata sunan Dan Dicko Dankoulodo, malamin kimiyya ɗan asalin Maraɗi wanda ya taɓa riƙe ma'aikatar ilimi. Tana da sashen kimiyya da fasaha, da na noma da muhalli, da na lafiya, kuma a garin akwai cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, a Tarna.

Tsarin karatun hawa uku ne: shekara 3 ta lisans, shekara 2 ta masta, sai aƙalla shekara 3 ta digirin dokta. Zangon ƙarshe na masta ba na zaman aji ba ne. Ɗalibi zai zaɓi matsala guda, ya fita ya tattaro bayanai, ya rubuta kundi da Faransanci, sannan ya kare shi a gaban kwamitin malamai, abin da ɗalibai ke kira sutnans. Yajin aikin malamai da na ɗalibai da jinkirin biyan kuɗaɗe sun daɗe suna sa shekarun karatu hawa kan juna a jami'o'in Nijar, don haka kundin da ya kamata a kare kafin damina ta yi nisa yakan gangaro Disamba ko Janairu, wani lokaci ma ya wuce.

Dalilin da ya sa ake fita ƙauyuka a wannan lokaci a fili yake. An gama girbin gero da dawa da wake, an zuba a rumbu, manomi yana gida kuma bai manta yawan damman da ya ɗaure a kowace gona ba. Hanyoyin da ruwa ya yanke sun bushe. Sai dai damar ba ta daɗewa, domin da an kammala aikin gona samari da magidanta da yawa suke fita cin rani zuwa Maraɗi da Katsina da Kano da Agadas da ƙasashen da suka fi nisa. Wanda ya yi jinkiri zuwa Fabrairu yakan tarar da tsofaffi da mata da yara a gidajen da ya lissafa zai tambayi masu su. Wanda aikinsa gwajin shuka ne ya fi shiga haɗari: idan kuɗi ko iri ba su iso kafin shuka ba, ya rasa shekara sukutum, hunturu kuma zai same shi yana jiran wata damina.

Shiga ƙauye yana da ƙa'idarsa. Ɗalibi zai karɓi takarda daga jami'a, ya nuna wa hukumomin gunduma da na gari, ya kai gaisuwa fadar sarki, sannan ya sauka a ƙofar mai gari ya ce ranka ya daɗe, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Mai gari ne zai haɗa shi da wanda zai zaga da shi, sau da yawa shi ne kuma zai ba shi masauki. Da sanyin safiya ba a samun mutane, sai hantsi ya dubi gari. Ranar kasuwa ba a samun kowa. Matan aure ba kowane baƙo suke zama da shi ba, sai da izinin mai gida, shi ya sa ɗaliba mace takan sami amsoshin da namiji ba zai taɓa ji ba a kan abincin yara, da gamanar mata, wato 'yar gonar da suke nomawa ta kansu, da bashin da ake ci a ɓoye.

Aikin da ya fi wahala shi ne na juya magana. An tsara tambayoyin da Faransanci, da kilo da hekta, manomi kuma yana lissafi da dami da tiya, damin wani gari ba ɗaya yake da na wani ba. Ɗalibi mai kula yakan sa a sussuke dami a gabansa a auna kafin ya yarda da kowane adadi. Akwai kuma matsalar zato. Yankin ya daɗe yana karɓar ma'aikatan ayyukan raya karkara, don haka duk wanda ya zo da takarda da biro, ko wayar da ake cika tambayoyi a ciki, ana ɗaukarsa mai rubuta sunayen waɗanda za a ba taimako. Nan da nan girbi yakan ragu a baki, iyali su ƙaru. Magani ɗaya ne: ɗalibi ya faɗa tun farko cewa shi ɗan makaranta ne, ba abin da zai raba, ya kuma jure ganin wasu sun tashi sun bar wurin.

Kowace gunduma da abin da take jawo masu bincike. Agiye, mai nisan kilomita 80 ko kusa da haka gabas da Maraɗi, ta yi suna a sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana gyara shi har ya zama itace, maimakon a sare a ƙone. Dabarar ta bunƙasa a jihar Maraɗi tun daga 1983, ayyukan da asusun raya noma na FIDA ya ɗauki nauyi a Agiye kuma suka ƙarfafa ta, har ƙauyen Ɗan Saga ya zama wurin da baƙi daga ƙasashe da dama ke zuwa gani. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Hunturu lokaci ne mai kyau na auna itatuwa, saboda gonaki sun zama fili, ana hango kalgo da sabara da aduwa daga nesa, gawo kuwa, wanda yake zubar da ganye da damina, a lokacin yake kore shar. Ɗalibi yakan wuni da igiyar awo yana zagaya gindin itace ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta kauri da tsawo, ƙura na shiga masa ido.

Gazawa, wadda aka cire daga Agiye ta zama gunduma a 2011, tana da kwarin Gulbin Kaba da goribarsa, wadda mata ke saƙa tabarma da igiya da kabarta. Daga nan har Cadawa ƙasar aya ce. Haƙar aya tana kaiwa cikin hunturu: a ƙone ganyen, a tone ƙasa, a tankaɗe, a sheƙe. Aya tana kawo kuɗi masu kauri, amma tana barin gona tsirara a daidai lokacin da iskar hunturu ta fi ƙarfi, kuma wannan ciniki tsakanin kuɗin bana da ƙarfin ƙasar baɗi yana cikin tambayoyin da suka cancanci kundi fiye da ɗaya. Masu nazarin ƙwari kuma a wannan lokaci suke leƙa ma'ajiyar wake, suna kwatanta wanda aka zuba a buhu mai ninki uku na PICS, da masu binciken INRAN na Maraɗi suka taimaka wajen gwadawa da yaɗawa, da wanda aka ajiye ta tsohuwar hanya.

A Gidan Rumji batutuwan sun fi nauyi. Ƙarshen shekara ne lokacin da hukuma ke sanar da ranar sakin gonaki, domin dabbobin da suka gangaro daga arewa su shiga kiwon kara, kuma kwanakin da ke gab da wannan rana su ne suka fi haifar da rikici tsakanin manomi da makiyayi. A wannan gunduma aka yi kisan ƙauyen Toda a Oktoban 1991, inda mutane fiye da 100 suka rasu, abin da har yau masu nazarin dokar filaye ta 1993 da kwamitocin kula da filaye suke komawa gare shi. Tun 2019 kuma dubban 'yan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo, aka tsugunar da wasunsu a wurare irin su Cadakori. Masu nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa suna da Tsibiri, inda sinadarin da ya yi yawa a ruwan rijiyar burtsatse ya nakasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara kafin a gane tushen abin. Amma ƙauyukan bakin iyaka ba a shigarsu yadda aka ga dama, saboda masu garkuwa da mutane da ɓarayin shanu. Dole ɗalibi ya nemi shawarar hukuma, ya shiga da rana ya fito kafin la'asar, ko ya canza ƙauyukan da ya zaɓa gaba ɗaya.

Duk wannan kuɗi yake ci. Hukumar ANAB ce ke biyan tallafin karatu na gwamnati, ba kowane ɗalibin masta ke samu ba, wanda ya samu ma yakan yi watanni yana jira. Man babur ko kuɗin kabu-kabu, goron gaisuwa, ɗan abin da za a ba mai rakiya, kuɗin awon ƙasa ko ruwa a ɗakin gwaji, da na buga kundi kwafi-kwafi, galibi daga aljihun ɗalibi suke fita, sai fa wanda ya yi sa'a wani shirin bincike ya ɗauke shi. Da yawa malaman kwantiragi ne a makarantun karkara, hutun makarantu na ƙarshen Disamba shi ne kawai sararin da suke da shi na fita fili. Wasu kuma gida ne ke ɗauke da su: uba ya sayar da buhun aya ko wake a lokacin da farashi yake ƙasa, uwa ta sayar da akuya.

Gida yana da nasa nauyin. Bayan kaka ake yawan bukukuwan aure, ɗalibin da ya zo hutu kuma yana ganin sa'o'insa da 'ya'ya biyu ko uku. Tambayar da ke jiransa a kowace ƙofa ita ce yaushe zai gama, alhali an riga an yi masa murnar digiri shekarun baya. Ga ɗaliba abin ya fi tsanani, musamman a jihar da aurar da 'ya mace da wuri ya zama ruwan dare. Wadda ta yi aure tana haɗa rubutu da girki da goyo, fitarta ƙauye na mako biyu kuma sai an yi shawara da miji da iyaye.

Ranakun hutu suna jere a Disamba da Janairu: 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, sai Kirsimeti, sai 1 ga Janairu, ga kuma gasar kokawar gargajiya ta neman takobi da ake yawan yi a ƙarshen shekara, wadda ke ɗauke hankalin gari duka zuwa rediyo da talabijin. Ofisoshi suna rufewa, sa hannun da ake jira ya koma sabuwar shekara. Wanda ya riga ya tattara bayanansa yana cin moriyar lokacin, domin sanyi ya fi zafin Afrilu da Mayu daɗin zama a gaban kwamfuta, yankewar lantarki ma ta fi sauƙi. Wutar yankin daga Katsina take shigowa ta tashar Gazawa, kuma waɗanda suka yi rubutu tsakanin Agustan 2023 da Maris na 2024, lokacin da Najeriya ta katse layin, sun san abin da rashinta yake yi wa kundi. A ƙauye kuwa sai a kai waya da kwamfuta wurin mai cajin hasken rana, a nemi tudun da intanet ke kamawa.

Sauran aikin yana hannun malami mai kula da kundin. Malaman da suka kai matsayin jagorantar bincike ba su da yawa idan aka kwatanta da ɗalibai, mutum guda yakan riƙe kundaye da dama ga koyarwa ga tafiye-tafiye, gyara ya daɗe bai dawo ba. Mai neman digirin dokta yana da ƙarin sharaɗi, domin galibi sai ya fitar da maƙala a mujallar masana kafin a ba shi ranar karewa. Ranar sutnans ɗalibi yakan yi bayani na mintuna kaɗan, malamai su yi ta tambaya, a fitar da jama'a, a dawo a faɗi sakamako. Iyaye sukan zo daga ƙauye su zauna a baya, ko da ba su jin Faransanci.

Abin da ya rage, kuma aka fi sakaci da shi, shi ne komawa wurin waɗanda suka ba da amsa. Manomin Ɗan Saga ko mai ayar Gazawa ya ba da wuninsa da abincinsa, kundin kuma yakan ƙare a kan kantar ɗakin karatu cikin harshen da ba ya ji. Gyaran ba mai tsada ba ne: shafi biyu da Hausa, ko zama ɗaya a ƙofar mai gari, ko rabin sa'a a rediyon karkara. Tun Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Ya kamata jami'o'i su sa wannan komawa cikin sharuɗɗan karɓar kundi, su kuma ware mata kuɗin mota.